Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: A Faɗa Wa Uwa Gaskiyar Allurar Ɗanta

Ƴan'uwa makiyaya, maza da mata, akwai wata magana da ke yawo cikin rugage da bakin rijiyoyi da kasuwannin bisashe, wadda ya kamata mu zauna mu tattauna ta a fili. Maganar ita ce ta allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a cinya, wadda a da ma'aikatan lafiya ke kira DTC, yanzu kuma ake ce mata Penta. Mata da yawa suna kai ƴaƴansu sau ɗaya, daga nan ba a ƙara ganinsu. In an tambayi dalili, amsa guda ce: an kai yaro lafiya lau, an dawo da shi jiki da zafi, cinya ta kumbura, ya kwana yana kuka. Uwa ta ce ba ta ƙara kai ɗanta inda za a saya masa ciwo, maigida kuma ya ce dama can shi bai so ba.

Abin da uwar nan ta gani gaskiya ne, kuma kada wani ya ƙaryata ta. Laifin yana wuyan wanda ya soka allurar bai buɗe baki ya gaya mata abin da zai biyo baya ba. Ra'ayina shi ne, ɓoye wa iyaye wahalar allura shi ne babban abin da ke korar su daga gare ta. In an gaya musu gaskiya gaba ɗaya, wato wahalar da ke cikin allurar da kuma haɗarin da ke cikin barin ta, makiyayi zai auna da kansa, domin aunawa irin wannan aikinsa ne na kullum a kan garkensa.

Cututtuka uku da ake gudu

Ta farko ita ce sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da cikin kashin shanu da na dawaki da na tumaki da awaki, tana iya yin shekaru ba ta mutu ba. Tana shiga jiki ta wurin rauni: sukar ƙaya, yankan wuƙa, sukar ƙaho, kaciya ko tsaga da askar da ba a tsabtace ba. Ga jariri kuwa ta cibiya take shiga, in an yanke ta da kara ko tsohuwar reza, ko an shafa mata toka, ko ƙasa, ko kashin shanu. Yaro yana shan nono lafiya, sai tsakanin kwana 3 da kwana 28, galibi wajejen ranar suna, ya daina kama nono, baki ya sarƙe, jiki ya sandare. Mafi yawan jariran da suka kamu nesa da asibiti ba su tashi, a ƙarshe a ɗora wa iskoki ko maye. Wannan cuta ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saboda haka allurar maƙwabcinka ba ta tsare ka, kuma wanda ya yi ta ya warke yana iya sake kamuwa. Wa ya fi makiyayi zama kusa da kashin dabba da ƙaya?

Ta biyu ita ce mashaƙo. Tana farawa kamar ciwon maƙogwaro da masassara, sai wata fata mai ruwan toka ta rufe maƙoshi, wuya ya kumbura, numfashi ya gagara. Dafin cutar yana kuma taɓa zuciya da jijiyoyi, har yaro ya mutu bayan an ɗauka ya samu sauƙi. Cikin mutum ɗari da suka kamu, biyar zuwa goma suna mutuwa, a wajen ƙananan yara ma abin ya fi haka. Wasu sun ɗauka cutar zamanin da ce, sai ga ta ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 da cikin 2023, a shekarar 2023 ɗin kuma ta bayyana a Matamai cikin jahar Damagaram, da Sigiri a ƙasar Gine. Yawancin yaran da ta kama waɗanda ba a yi wa allura ba ne, ko aka fara ba a ƙarasa ba.

Ta uku ita ce tarin lala, wanda a wasu wurare ake ce wa tarin shiƙa. Yaro yana tari ba tsayawa har ya shiɗe, ya yi amai, haka za a yi ta yi makonni, wani lokaci har wata uku. Babba yana iya ɗauke da ita kamar mura ya shafa wa jariri. Jaririn da bai kai wata shida ba shi ne ya fi shiga haɗari, domin wani ma ba ya tari, numfashinsa ne kawai ke ɗaukewa.

Abin da ke cikin allurar, da abin da take jawowa

Ba sabon abu ba ne wannan rigakafi. Wanda ya gano yadda ake kashe ƙarfin dafin mashaƙo a mayar da shi rigakafi a shekarar 1923 wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Ramon, kuma abin da zai ba ku sha'awa, likitan dabbobi ne. Cikin shekarun 1920 ɗin aka yi wa dafin tetanus haka nan. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta kafa shirin yi wa yaran duniya rigakafi, kuma waɗannan cututtuka uku suna cikin na farko da aka sa. Daga baya aka ƙara rigakafin wani ciwon hanta da na wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga yara, suka zama biyar cikin allura guda, shi ya sa ake ce mata Penta. Ana yin ta sau uku: yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14.

Babu ƙwayar cuta mai rai cikin wannan allura, saboda haka ba ta iya sa wa yaro tetanus ko mashaƙo ko tarin lala. Amma tana tayar da jiki, musamman ɓangaren tarin lala, wanda aka yi da matattun ƙwayoyin cutar. Kusan rabin yaran da aka yi wa suna iya samun zafin jiki, ko ciwo da ja da kumburi a wurin allurar. Yaro yakan yi rigima, ya rage shan nono, ko ya yi ta barci. Wannan yana farawa ranar da aka yi, ya wuce cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wani lokaci ɗan ƙululu mai tauri yana zama a cinyar har wasu makonni kafin ya baje. Abin yi shi ne a yawaita ba shi nono, a rage masa tufafi, a ɗora tsumma mai tsabta da ruwa mai sanyi a wurin, a ba shi maganin zafin jiki gwargwadon da likita ya faɗa. Kada a gasa wurin, kada a murza, kuma kada a kira wanzami ya tsaga, domin ta nan ne za a buɗe wa tetanus ɗin ƙofa.

Akwai waɗanda suka fi wannan nauyi, amma ba su da yawa. Ƴan kaɗan cikin ɗari suna yin kuka mai tsanani na awa uku ko fiye ba tsayawa. Yaro ɗaya ko biyu cikin dubu, ko ƙasa da haka, yana iya yin laushi, jiki ya saki, fata ta koɗe na wani ɗan lokaci, ko zafin jiki ya sa shi jijjiga. Abu ne mai tayar da hankalin uwa, amma yaran suna dawowa daidai. Mafi haɗari shi ne jiki ya ƙi allurar nan take, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Wannan yana faruwa wajen sau ɗaya cikin allura miliyan, kuma cikin ƴan mintoci bayan an yi, shi ya sa ya kamata a zauna gidan likita kamar rabin awa kafin a kama hanya, domin akwai maganinsa a nan. Duk wanda ya ga ɗaya daga waɗannan alamu, ya koma wurin likita, kuma ya faɗa kafin a yi allura ta gaba. Haka nan in kumburin yana ƙaruwa har ya tara ruwa, wannan ƙurji ne, galibi daga rashin tsabta ko rashin iya aiki yake, kuma haƙƙin iyaye ne su kai ƙara. In kuwa masassara ta wuce kwana biyu, ko ta fara bayan kwanaki, kada a zauna ana cewa allura ce. A je a gwada jini, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran kowa.

Abin da garke ya koya mana

Makiyayi ba baƙo ba ne a sha'anin rigakafi. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu suna tsaga hancin saniya su sa ɗan yankin huhun wadda ta mutu da ciwon huhu, sun san wurin zai kumbura, sun san wata ma za ta wahala, amma sun auna sun ga hakan ya fi asarar garke. Allurar ciwon huhun shanu ta zamani ita ma tana kumbura wasu, kuma ba a fasa kai shanu ba. Dattawanmu suna tune da allurar bushiya da aka fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Cadi, wato Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi, lokacin da ake huda kunnen saniya don a san an yi mata. Cutar ta ja baya ƙwarai, sai aka yi sakaci da yi wa ƴan maruƙa, ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980 ta share garkuna. Sai da aka sake ɗaura ɗamara aka bi aikin har ƙarshe, sannan a 2011 aka shelanta cewa babu sauran bushiya a duniya. Darasin a fili yake: rigakafin da aka fara ba a ƙarasa ba, aikin banza ne. Haka allurar yaro take. Ta farko tana gabatar wa jiki da cutar ne kawai, sai da ta biyu da ta uku kariya ke kafuwa.

To me ya sa abin da muka yarda da shi ga saniya muke jin tsoronsa ga ɗa? Wajejen 1999 da 2000, masana na ƙasar Cadi tare da wata cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan sun bi rugagen Fulani da Larabawa a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem. Sun tarar yawancin shanu an yi musu allura, amma cikin yaran da suka duba babu ko ɗaya da ya kammala tasa. Ba don iyayen sun fi son shanu da ƴaƴansu ba. Likitan dabbobi ne ke zuwa daji, na mutane kuwa yana zaune cikin gari.

Waɗanda suka gudu daga allura

Tsoron wannan allura ba mu muka fara shi ba. A Ingila, a 1974, aka bazu da labarin cewa rigakafin tarin lala yana lalata ƙwaƙwalwar yara. Yawan yaran da ake yi wa ya faɗi daga kusan 80 cikin ɗari zuwa wajen 30, kuma daga 1977 zuwa 1979 fiye da mutum 100,000 suka kamu da tarin, yara suka mutu. A Japan, a 1974 mutum 393 kawai suka kamu, babu wanda ya mutu. Bayan mutuwar wasu jarirai biyu da aka danganta da allurar, gwamnati ta dakatar da ita na ɗan lokaci a 1975, jama'a suka ja baya, a 1979 aka samu mutum wajen 13,000 da suka kamu, 41 suka mutu. A ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, da rigakafi ya yi rauni, mashaƙo ya kama fiye da mutum 150,000 cikin shekarun 1990, ya kashe fiye da 4,000. Manyan binciken da aka yi daga baya ba su tabbatar da zargin lalata ƙwaƙwalwa ba, kuma wani bincike na 2006 a Ostareliya ya gano yawancin yaran da ya duba, waɗanda aka ce allura ce ta illata su, da wani irin ciwon farfaɗiya aka haife su. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wasu suna cewa Turawa suna da allura mai sauƙi, mu aka bar mu da mai zafi. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, kuma ya kamata a bayyana shi. Japan ta fito da wani sabon rigakafin tarin lala a 1981 wanda bai cika sa zafin jiki ba, ƙasashe masu arziki da yawa suka koma kansa. Daga baya aka gano kariyarsa tana saurin raguwa, har Amurka ta samu fiye da mutum 48,000 masu tarin lala a 2012. Saboda haka a 2015 OMS ta shawarci ƙasashen da ke amfani da irin namu su ci gaba da shi. Namu ya fi zafi, amma ya fi daɗewa yana tsaro.

Sai maganar hana haihuwa, wadda ake jingina wa allurar tetanus ta mata. A 1990, a yankin yammacin Kamaru, wannan jita-jita ta sa ƴan mata gudu daga lakwal don kada a yi musu. Abin da ya hura wutar shi ne an zo ana yi wa mata zalla ba tare da wani bayani ba. Dalilin zaɓen mata kuwa mai sauƙi ne: kariyar da uwa ta samu tana ratsawa ga ɗan da ke cikinta, ta tsare shi a makonnin farko kafin a fara tasa allurar. Mai ciki tana bukatar biyu, wata ɗaya tsakani, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Ta uku bayan wata shida, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Wadda ta cika biyar ta samu kariya tsawon shekarun haihuwarta. Sakamakon aikin ga shi: a 1988 an ƙiyasta jarirai 787,000 ne tetanus ta kashe a duniya, a 2018 kuwa wajen 25,000. An shaida Kamaru ta shawo kan tetanus na jarirai a 2012, Nijar a 2016, Cadi a 2019. Ma'anar wannan shaida ita ce a kowace gunduma an samu ƙasa da jariri ɗaya mai cutar cikin haihuwa dubu. Ƙwayar tana nan cikin ƙasa da turken dabbobi, kuma jaririn da ya mutu a daji sau da yawa ba ya shiga lissafin kowa.

Abin da ya rage gare mu

Babbar matsalar makiyayi ita ce tafiya. An yi wa yaro ta farko a nan, lokacin ta biyu an riga an tashi. To ku sani, in lokaci ya wuce ba a komawa farko; ko bayan wata biyar ne, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Lokutan allurar ɗaya ne a Nijar da Najeriya da Benin da Kamaru da Cadi, saboda haka ana iya farawa a wata ƙasa a ƙarasa a wata. Abin da ake bukata shi ne karne, wato takardar rigakafin yaro. Tun 1998 da CEDEAO ta fito da takardar ƙetare iyaka da bisashe, makiyaya suka saba adana shaidar allurar shanunsu. A naɗe karnen yaro a wuri guda da ita. Mura, ko ɗan zawo, ko rama, ba su hana yi wa yaro allura. Maza kuma kada su ɗauka maganar mata ce kawai: su ne ke yanke shawarar tafiya, su ne ke da abin hawa, kuma su ne suka fi rashin kariyar tetanus, tunda shirye-shiryen sun fi karkata ga mata da jarirai. Wanda ya samu rauni mai zurfi ya wanke da ruwa da sabulu, ya nemi likita. Ungozomomi su riƙa amfani da sabuwar reza da zare mai tsabta, kada a shafa wa cibiya komai sai abin da likita ya bayar.

Abin da muke nema daga hukuma

Na farko, duk ma'aikacin da zai soka allura ya faɗa wa uwa, cikin harshen da take ji, Hausa ko Fulatanci ko Tamashek ko Larabci, abin da za ta gani da dare, da abin da za ta yi, da ranar dawowa. Maganar minti biyu ce.

Na biyu, a daina yi wa matan ruga tsawa don sun makara ko sun ɓatar da karne. Macen da ta yi tafiyar yini kan jaki aka kunyata ta gaban jama'a ba ta komawa. Kuma kada a ce mata sai yara sun taru za a buɗe kwalba. Ƙa'idar OMS ta yarda a ajiye buɗaɗɗiyar kwalbar Penta har kwana 28 in an kiyaye sanyi da tsabta.

Na uku, a kai allura inda makiyaya suke. Daga shekarar 2000 Cadi ta gwada haɗa likitocin dabbobi da na mutane cikin mota guda, ana yi wa shanu a gefe, yara da mata a gefe, jama'a suka fito kuma kuɗin aikin ya ragu. Abin da ya ba su wahala shi ne sake samun yaran don ta biyu da ta uku, wannan kuwa sai da taimakon arɗo da garso, su da suka san burtali da ranar tashi da wurin sauka. A yi amfani da ranakun kasuwa, da manyan rijiyoyin rani, da taron lasar gishiri na Ingal a watan Satumba, a kuma sanar da jama'a inda za a haɗu a karo na gaba.

Na huɗu, in yaro ya samu matsala bayan allura, a saurari iyayensa, a rubuta, a bincika, a dawo a gaya musu abin da aka gano. Rufa-rufa ita ke haifar da jita-jita.

Ƴan'uwa, zafin jikin kwana biyu wahala ce ta gaske ga uwa da ɗanta, amma ba a haɗa ta da sarƙewar bakin jariri ranar sunansa, ko yaron da maƙoshinsa ya toshe ana yini biyu kafin a kai shi asibiti. Wanda yake da yaron da aka fara wa aka tsaya, ya nemo karnen yau, ya tambayi ranar allura a gidan likita mafi kusa, kuma in ya je ya yi tambaya har sai an ba shi amsa, domin haƙƙinsa ne. Allah ya raya mana zuri'a, ya albarkaci garkunanmu.